Ƙullin Ajimi Bahago

Ajimi ɗan unguwar Limanti ne, a cikin garin Yerwa. A nan aka binne cibiyarsa, a nan ya tsufa, kuma duk tsawon rayuwarsa ba a taɓa jin ya zagi kowa ba sai mutum ɗaya, wato kansa. Wannan kuwa ya zage shi son ransa, safe da yamma, ba tare da ya ko buɗe baki ba.

Yana rarrafe ya faɗa murhu. Kafin uwarsa ta yar da tulu ta fizgo shi, yatsun hannunsa na dama sun riga sun manne da juna, a dunƙule kuma suka warke. Saboda haka da hagu ya tashi yana komai, bai kuma ɗauki abin a bakin komai ba har ya shekara tara. Ranar sunan ƙanwarsa zaure ya cika, aka aike shi da kwanon ruwa ya kai wa wani attajirin kanwa da ubansa ke yi wa dillanci. Yaro ya durƙusa, ya miƙa da hannun da Allah ya bar masa. Attajirin ya dubi kwanon, ya kau da kai, ya ce shi ba ya karɓar abu daga hagu. Uban kuma, maimakon ya gaya wa baƙonsa cewa yaron ba shi da wani hannun, sai kunya ta rufe shi, ya huce a kan ɗansa a gaban jama'a.

"Koma cikin gida. Hagu ba ta ba mutane abu."

Magana zarar bunu ce. Attajirin ya sha ruwansa daga hannun wani, ya cika cikinsa da burabusko, ya kama hanya, kuma ba shakka kafin ya kai unguwar Dala ya manta da wani yaro. Bayan shekara biyu ya mutu. Uban ma bai daɗe ba ya bi shi. Amma Ajimi ya kwaso su su biyun ya ba su masauki a cikin kansa, ya shimfiɗa musu tabarma. Duk abin da zai yi sai ya ji ta bakinsu tukuna, su kuwa amsarsu ɗaya ce kullum. Tun daga ranar ya koyi cusa hannun dama cikin riga. In za a gaisa ya miƙa tsintsiyar hannu, in zai ba mutum abu ya ajiye a ƙasa ya ja da baya.

Yana saurayi ya shiga rumfar Ba Madu, can wajen Kwastam, inda ake ɗaurin banda. Banda dai kifi ne da ake yankawa gunduwa-gunduwa a ƙyafe a bakin tafkin Chadi, a kawo Yerwa, fataken Anacha su saya. Aikin 'yan rumfa shi ne su zaɓe shi, su jera a kwando, su rufe da tabarma, su ɗaure da igiyar kaba, yadda zai yi kwana goma ko fiye a hanya bai ruɓe ba. Wanda bai sani ba sai ya ce aikin ƙarfi ne. Ba haka ba ne. Gunduwa ɗaya in ba ta bushe har ciki ba, ita kaɗai ta isa ta cika kwando da tsutsa kafin mota ta wuce Jos. Kuma a ido ba a ganewa, domin ta waje duk baƙi ne ƙirin, duk ƙamshin hayaƙi.

Ajimi shi ba ya ma dubawa. Ya ɗauki gunduwa da hagu, ya matsa sau ɗaya, ya jefa nan ko can. Su goma sha huɗu ne a rumfar, kuma kafin a shiga 1955 babu mai rufe kwando sai ya ce, Ya Ajimi zo ka taɓa. In fatake biyu suka yi rikici a kan wanda za a fara ɗaure wa kaya, shi ake turawa, ya yi musu magana ƙasa-ƙasa su rabu suna dariya. In damina ta kama, shi ya san yadda za a ɗaga kaya daga ƙasa. Ɗaurin ƙarshe kuma nasa ne. Yakan danne igiya da dungun dama, ya murɗa da hagu, sai ƙullin ya fito a juye, ya kwanta ta ɓangaren da na kowa ba ya kwanciya.

Wani falke mai suna Ejiofor, wanda ya shekara goma yana kai banda Anacha, shi ya fara gaya masa darajar ƙullin nan. Ya ce matarsa Nkolika ce ke sayarwa a can, kuma matan kasuwa sun daina kwance kwando su duba. Igiya kawai suke kallo. In sun ga ƙulli a juye sai su ɗauka su wuce, in ba su gani ba sai an zazzage musu har gindi. Ejiofor ya faɗi wannan yana murna, yana dafa masa kafaɗa.

Wani ne da sai ya kwana uku yana ba da labari. Ajimi kuwa ya koma gida ransa a ɓace. Matattun nan biyu suka zauna suka fassara masa maganar: ka ji ko, har Anacha an san kai musaki ne, mata ma sun gane. Washegari ya yi ta fama ya koyi ƙullin masu dama, Allah dai ya taimaki rumfar abin ya gagare shi.

Akwai wata al'ada a rumfar Ba Madu. Kowace safiya, kafin a taɓa kifi, shugaba zai ɓare goro ya miƙa wa kowa rabonsa a hannu, yana faɗa masa aikinsa na ranar. Ka karɓi goro, ka karɓi aiki ke nan. In biyu sun yi faɗa, goro ɗaya ake ɓarewa a ba kowa sala guda, magana ta mutu. Shugabanci a rumfar nan ba rawani ba ne, ba sanda ba, wannan miƙa goron ne.

To, tsufa ya kama Ba Madu, hannunsa ya soma rawa, farce ya kasa shiga goro. Sai Ajimi ya riƙa zama bayansa, a gefen tarin kwanduna, yana ɓarewa da hagu yana zuba masa a tafi, yana kuma raɗa masa wa ya kamata ya yi zaɓe yau, wa zai yi jeri, wa zai huta saboda bayansa na ciwo. Tsoho ya miƙa, ya maimaita da ƙarfi. A ran Ajimi, wai asiri ne tsakaninsu su biyu. Rumfa ce fa ta zana, ba bango, ba ƙyaure, mutum goma sha uku na tsugune a gabanka da idanu ishirin da shida. Shekara takwas ana haka, kuma shekara takwas yana ganin ya yi wa kowa wayo.

Ba Madu ya taɓa kiransa gefe ya ce ya gaji, yana so ya miƙa masa rumfa. Ajimi ya sunkuyar da kai ya ce a bari tukuna, Allah ya ƙara wa Ba Madu lafiya. Da ya faɗa wa matarsa Turai, sai ta ajiye muciya ta dube shi. Ta ce shekara goma sha biyu da hagun nan yake ba ta cefane, da ita ya ɗauki 'yarsu Ladi ranar da aka haife ta, ba ta kuma ga abin da ya same su ba. Ya ce ai gida daban, taro daban. Ta ce to wane ne a taron ya taɓa ƙin karɓa? Ya ce ba za ta gane ba. Gaskiyarsa, ba za ta gane ba, domin ita da masu rai take shawara.

A ƙarshen 1964 jirgin ƙasa ya iso Yerwa, gari ya ɗauki zance. Ejiofor da abokansa suka ce yanzu ba maganar mota ɗaya ko biyu ba ce, tarago guda za su riƙa cikawa zuwa Inugu, daga can mota ta ƙarasa Anacha, kuma rumfar Ba Madu suke so ta riƙa ɗaure musu duka. Aikin da zai riƙe gida goma sha huɗu shekara da shekaru ke nan. Sai dai Ba Madu ido ya tafi, ƙafa ma ta ƙi. Wata safiya ya sa aka kawo shi, ya zauna a tabarma, ya laluba ya ɗauko ganyen da goron ke ciki, ya tura shi gaban Ajimi a gaban kowa.

"Ajimi, daina ɓuya a bayana. Zo gaba ka raba."

Nasidi, wani Bakano mai 'ya'ya huɗu da ya shekara goma sha ɗaya yana jeri, har ya riga ya buɗe tafi yana jira. Ejiofor na tsaye daga bakin rumfa yana murmushi. Babu fuska ɗaya a wurin da ke cewa a'a.

Amma Ajimi ba fuskokin yake kallo ba. Kwanon ruwa yake gani. Muryar matattun nan ta taso masa tun daga ciki: za ka miƙa, wani zai kau da kai, za a yi dariya, kuma wannan karon da furfura a gemunka. Yau suna so, gobe in ka ɓata wa ɗaya rai sai ya ce ai dama hagu ce. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Dubi wannan ɗanyen aiki, karin maganar da aka yi don mutane su haɗa hannu, shi ya juya ta ya soki kansa da ita, alhali hannu ishirin da shida na gabansa suna jiran ya ce a ɗaga.

Ya tura ganyen gefe, can gindin kwando. Ya ce shi ɗan aiki ne, a ba mai cikakken hannu.

Mai cikakken hannu kuwa yana nan kusa. Babakura, ɗan 'yar'uwar Ba Madu, ɗaya daga cikin 'yan rumfar, ƙato mai faɗin ƙirji da murya kamar ta sanƙira. Hannuwansa biyu lafiya lau, ba ko tabo, domin bai cika wahalar da su ba sai wajen nuni. Bai jira an ce masa bismilla ba ya janyo ganyen. Ba Madu ya ce a mayar da shi gida, bai kuma sake taka rumfar ba.

Watannin farko an lallaɓa, tun da Ajimi na nan yana taɓa kifi yana gyara ɓarna a ɓoye. Shi da aiki, Babakura da gaisawa da fatake. Har damina ta sauka. Banda ta soma zuwa da laima, domin a bakin tafki ruwa ba ya barin wuta ta yi aikinta. A zamanin Ba Madu, irin wannan baza shi ake yi a sake ƙyafewa, ko falke zai yi kuka. Amma tarago na tsaye a tasha, an ba da kwana biyar, Babakura kuma ya riga ya bugi ƙirji a gaban fatake cewa zai cika shi. Ya raba goro ranar da safe, ya ce ba wani zaɓe. A zuba mai laima a tsakiya, a yi masa fuska da busasshe sama da ƙasa, a ɗaure.

Ajimi ya ɗauki gunduwa ya matsa. Ta lotsa kamar ɗanyen nama. Ya ɗauki wata, haka. Ya san ba Anacha ba, ko Kafanchan kifin nan ba zai kai ba. Kowa ma ya sani, shi ya sa hannuwa suka tsaya, aka zuba masa ido. Nasidi ya matso kusa da shi.

"Ya Ajimi, ka ce wani abu. Ko ka ƙi ɗaurewa kawai. In ba ƙullinka, kwando ɗaya ba zai fita ba."

Wannan ita ce gaskiyar, kuma ko magana ba ta buƙata. Abin da ake nema kawai shi ne ya naɗe igiyarsa ya zauna, shi ke nan. Babakura zai yi hargowa, ya yi ta yi, amma Ejiofor ba zai karɓi kwandon da ba ƙullin a kai ba, kuma zai tambayi dalili. Duk ƙarfin rumfar yana cikin yatsu biyar ɗin nan da yake rainawa.

Sai baƙin nan biyu na cikin kansa suka gyara zama. Kai wa? An ba ka ka ƙi, yanzu kuma za ka yi wa wanda ya karɓa gardama? Za a ce hassada ce. Za a ce ga bahago ya kasa shugabanci yana hana mai yi. Ka karɓi goronsa da safe, ka karɓi aiki. Naka ɗauri ne, ɗaura ka yi shiru, laifin yana wuyan shugaba.

Ya janyo igiya, ya danne da dungu, ya murɗa. Kwana huɗu yana ɗaurewa, kwando ɗari biyu da 'yan kai, kowanne da ƙullinsa a juye, tsaf, mai kyau, domin ko ɓarna zai yi ba ya iya aikin banza. Da Ejiofor ya zo duba kaya, ya bi layi yana shafa igiya da yatsa. Bai buɗe ko ɗaya ba. Ya ce sannu da aiki Malam Ajimi. Ajimi ya amsa yana kallon ƙasa. Ko a nan ma kalma ɗaya ta isa, bai faɗa ba. Wai shi kunya. Wai shi sanin matsayi. Ba kunya ba ce, tsoro ne ya sa rigar ladabi, kuma mutane da yawa za su ci wuya a kansa.

Turai ta ga ya daina cin abinci ta tambaye shi. Da ya faɗa mata, ba ta yi faɗa ba. Ta ce kawai, "Baban Ladi, da can kanka kake zalunta, na yi haƙuri. Yanzu ka fara zaluntar mutane." Ta ɗauke kwanon ta fita.

Bayan mako biyar Ejiofor ya dawo, ya rame, ido ya faɗa. Labarin ya riga shi isowa. Matan Anacha sun ga ƙulli sun kwashe kaya ba su duba ba, kamar yadda suka saba. Da suka kwance a rumfunansu, wari ya kori maƙwabta, tsutsa na zuba kamar shinkafa. Suka kinkimo kwandunan suka juye wa Nkolika a gaban rumfa, suka kira ta macuciya a tsakiyar kasuwar da ta shekara ashirin tana zama.

Babakura ya tare shi da bayani, jirgi ne ya yi jinkiri, ruwa ne ya shiga tarago, ƙaddara ce. Ejiofor ko kallonsa bai yi ba. Ya wuce har inda Ajimi ke tsugune, ya zaro guntun igiya daga aljihu, da ƙullin a jiki, ya ajiye masa a gwiwa.

"Malam Ajimi, matata ba ta san Babakura ba. Matan nan ba su san sunan kowa a Yerwa ba. Wannan suka sani. Ka san kifin bai bushe ba?"

Ajimi ya ce ya sani.

Ejiofor ya daɗe yana dubansa. Sannan ya juya ya fita. A makon nan ya kai aikinsa wata rumfa a Dala, sauran fataken suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Ƙullin da ake saye ba a duba ba ya koma ƙullin da ake gudu. Babakura bai yi asarar komai ba, irinsu ba sa yi. Ya koma tashar mota yana kamasho, inda murya ke da kasuwa. Ba Madu ya rasu kafin kaka, an ce har ya cika bai yarda an ambaci rumfar a gabansa ba. Mutum goma sha biyu kuwa suka watse, wasu dako, wasu gona, wasu suka bar garin.

Ranar da ake kwance zanar rumfa, Nasidi ya zo sallama. Ya sayar da akuyarsa, ya mayar da iyali gidan surukai, zai tafi Jos haƙar kuza, da shekara arba'in da biyar a kansa. Ya tarar da Ajimi zaune a kan kifaffen kwando, ba kowa sai su biyu da rana tsaka.

Abin da ya shiga ran Ajimi a lokacin, Allah kaɗai ya sani. Ya laluba aljihu ya fito da goro ɗaya. Ya sa farce ya ɓare. Ya miƙe tsaye, ya miƙa wa Nasidi sala guda da hagu, a fili, ba ajiyewa a ƙasa, ba ja da baya. Rabonsa da yin haka a wajen gida tun yana ɗan shekara tara.

Nasidi ya dubi goron, ya dubi mutumin.

"Shekara takwas muna cin goro daga hagun nan, Ya Ajimi. Kana tsammani ba mu gani? Mun gani, mun ci, ba wanda ya yi ko ciwon kai. Hannun daman Babakura wata bakwai ya raba mu da abincinmu. Ranar da na buɗe maka tafi ka ƙi ba ni. Yau kuma na karɓa na yi wane aiki?"

Ya saɓa ƙunshin kayansa ya kama hanyar tasha, bai waiwayo ba.

Ajimi ya tsaya da hannu a miƙe har Nasidi ya sha kwana. Duk abin da mutum ke buƙata ya ji, an faɗa masa, da Hausa, da rana tsaka, daga bakin wanda ya rasa komai. Sai muryar nan ta yi gyaran murya a hankali, ta ce: ka gani ko? Ai mun gaya maka ba za a karɓa ba.

Ajimi ya gyaɗa kai. Ya ajiye goron a ƙasa, ya ja da baya.